Na'urar da Ta Je Karatun La'asar

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so mantawa mutanen Limancin Kona ba za su bar ni ba, da yammacin da na shiga zauren Baffa Malam ɗauke da agogo biyar a jikina, ina zaton daga ni sai Allah muka sani.

Bari in fara da sana'ata, kada ku ɗauka ɓarawon agogo ne ke ba ku labari. Ni mai gyaran agogo ne. Ina da ɗan shago kusa da Ƙofar Galadima wanda na gada daga kawuna, har da teburinsa da hantsakinsa da gilashin nan da ake maƙalawa a ido ɗaya. Abin da ke ciyar da ni dai canjin batir ne da sauya maɗauri. Amma abin da raina ke so shi ne tsofaffin agogon iyayenmu, marasa batir, waɗanda ake wana su da hannu kowace safiya. A kawo min wanda ya shekara talatin a ƙasan akwati, mai ya daskare a cikinsa, tsatsa ta fara ci. In warware shi kaf, in wanke haƙoransa da fetur, in shanya su a kan farin ƙyalle, in ɗiga mai da bakin allura, in mayar da kowa mazauninsa. Lokacin da 'yar ƙafar nan mai lilo za ta motsa da kanta ta fara bugawa, wallahi har yau sai tsigar jikina ta tashi.

To, amma akwai abin da kawuna ya koya min tun farko. Agogon da ke kwance a kan tebur ba ya faɗa maka gaskiya. A kwance zai yi ta tafiya daidai kamar mutumin kirki, da ya hau hannu ya ji ɗumin jiki, ya sha lilo, ya yi sama ya yi ƙasa, sai ka ga ya fara gudu ko ya fara jan ƙafa. Wasu ma motsin hannun ne ke wana su. Saboda haka duk agogon da ka gyara sai ka ɗaura shi a hannunka kamar mako guda, kana dubawa kana saitawa, kafin ka miƙa wa mai shi. A ƙasashen da suka ci gaba an ce suna da na'urorin da ke yin wannan aiki. Kawuna damtsensa ne na'urarsa, ni ma shi na gada.

Matsalar ita ce mu Zage-zagi mun san kanmu. Ka ce wa Alhaji agogonsa yana hannunka kana yawo da shi a gari, kafin la'asar an ce ka mai da kayan mutane na kwalliya. Shi ya sa wata rana da wani ya matsa min da tambayar ina agogonsa, sai na ji bakina ya ce, "Yana cikin na'urar gwaji." Mutumin ya gyaɗa kai cikin girmamawa ya tafi. Na ga abin ya yi aiki, sai na riƙe shi. A hankali na'urar ta yi ta girma a bakina. Ta zama ta ƙasar waje. Ta zama ba ta son ƙura, shi ya sa take gida a ɗaki a kulle. (Akwai lokacin da har na ce tana da 'yar fitila koriya. Ban san inda na samo fitilar ba.) Ni kuwa na koma sa riguna masu dogon hannu da maɓalli, rani da damina.

Mutum ɗaya ce ta kama ni tun da wuri, ita ce Rabi. Malamar makaranta ce a Tukur-Tukur, kuma ita nake nema da aure. Ranar da na fara zuwa zance muka yi shiru na ɗan lokaci, irin shirun kunya, sai ta karkata kai ta saurara, ta ce, "Wai kai zuciya nawa gare ka? Ina jin bugu kala-kala." Dole na naɗe hannun riga na nuna mata. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "Aikin ya burge ni. Ƙaryar ce dai ban ga amfaninta ba." Na ce mata ai ba ƙarya ba ce, dabarar kasuwa ce.

Mahaifin Rabi, kamar yadda aka saba, ya miƙa maganar aurenta ga yayansa. Wannan yayan shi ne Baffa Malam. Malami ne da ke ba da karatu a zaurensa bayan la'asar, kuma kowa a Limancin Kona ya san shi da abu uku: ba ya son ƙarya, ba ya son ƙarar waya a wajen karatu, kuma in ya kama bayani ba ya saki. Layi ɗaya na littafi zai iya kai shi har a kira magariba, mutane su tashi ƙafa ta yi sanyi suna dafa bango, su ruga alwala. Babu mai iya ce masa ya taƙaita. Manyana sun je neman izini, ya karɓe su hannu biyu, ya ce, "Za mu duba." Aka shiga wata na biyu yana dubawa. Ni kuwa abinci ma ya daina yi min daɗi, don Rabi ta gaya min tun farko cewa in Baffa ya ce a'a, magana ta mutu, ba mai ɗaga ta.

Rannan sai ga saƙo wai yana nemana. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na shiga na durƙusa, ido a ƙasa.

Ya ce, "An ce kai ne mai ta da matattun agogo."

Na ce, "Allah ne mai tayarwa, Malam. Mu dai muna ɗan taɓawa."

Amsar ta yi masa, na ga alama. Ya sa hannu a aljihu ya ciro wani abu naɗe a tsohon hankici, ya buɗe a hankali. Agogon hannu ne, fuskarsa ta yi ruwan ƙasa don tsufa. Yana da kai biyu na wanawa maimakon ɗaya, da wani ƙarin hannu siriri mai jan baki. Ina gani na gane irin mai ƙararrawa ne, wanda ake saita masa lokaci ya yi ƙara. Ya ce na mahaifinsa ne, marigayi Malam Babba, kuma bayan rasuwarsa da kaɗan ya tsaya, bai sake ba wa kowa ya taɓa ba.

"Zai ɗauki lokaci?"

A nan ne ya kamata in tuna da gargaɗin Rabi. Amma baki ya riga ya saba. Na ce, "Gyaran ba zai daɗe ba, Malam, sai dai zai yi kamar mako a cikin na'ura."

"Na'ura?"

"Ta gwaji, Malam. Ta ƙasar waje ce."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Masha Allah. Zamani kenan." Na fito ina jin daɗi wai na burge shi.

Maganar gaskiya, ban taɓa yi wa agogo aiki da zuciya ɗaya kamar wannan ba. Kafin in cire komai sai da na ɗauki hoton fuskarsa da waya, don dokar kawuna ce: abin da ba kai ka saita ba, mayar da shi inda ka same shi. Jan hannun nan na ƙararrawa yana kan biyar da rabi, na lura da shi. Ɓangaren lokaci bai ba ni wahala ba, datti ne kawai da busasshen mai. Ina gama wankewa ya kama bugawa, na ɗaura shi can sama kusa da gwiwar hannu, don wuyan hannuna duka biyu sun riga sun cika da agogo huɗu na wasu mutane. Ƙararrawar ce ta ƙi. Akwai 'yar guduma a ciki da ke dukan murfin baya, sifirin ɗinta ya karye. Na yi kwanaki ina tonon gwangwanin matattun agogon kawuna, sai wata Laraba kafin azahar na dace da wanda ya shiga daidai. Na sa, na gwada, ta yi ƙara har mai shayin da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo. Na mayar da jan hannun inda na same shi, na wana kawunan biyu tam kamar yadda hannuna ya saba, na mayar da agogon damtsena.

Ban gama murna ba Rabi ta kira.

"Baffa ya ce ka zo karatu yau, in an tashi zai gan ka. Ina jin yau zai yanke magana."

Na ajiye hantsakin da ke hannuna.

Ta ce, "Ka bar wayarka a shago. Kuma don girman Allah ka kwance kasuwar nan daga hannunka kafin ka je."

Na ce to. Wayar kam na bar ta, har da kashewa, har da sa ta a aljihun tebur na kulle. Agogon ne na tsaya ina lissafi. In na cire su gwaji ya katse, sai an sake daga farko, ga masu su suna ta min sintiri. Na ce ai awa biyu ne kawai, wa zai leƙa hannun rigata a wajen karatu? Na yi alwala a shago inda ba mai ganina, na sa farin kaftani mai dogon hannu, na ɓalla maɓallai, na duba madubi. Babu alamar komai. Har na yi wa kaina murmushi. Zancen ƙararrawar da na wana kuwa, fargabar Baffa ta share shi daga kaina gaba ɗaya.

Lokacin bazara ne, garin kamar an rufe tukunya. Muka yi la'asar, aka shiga zaure. Niyyata in raɓe a baya kusa da ƙofa. Sai na ji an kama hannuna, daidai kan agogo biyu.

"A'a, surukin gobe! Baya kuma? Zo nan gaba a gan ka."

Alhaji Mudi ne, mai sayar da yadi, abokin Baffa tun suna yara, mutum mai son raha da son jin ƙwaƙwaf. Agogonsa mai ruwan zinare da ya sayo a Makka yana wuyan hannuna na hagu a daidai wannan lokaci, kuma sau biyu yana roƙona in kai shi ya ga na'ura. Na zame hannuna da dabara. Ya zaunar da ni gefensa a sahun gaba, tsakanina da buzun Baffa bai fi taku biyu ba.

Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne, a shago hayaniyar titi ce ke rufa min asiri. Zauren Baffa kuwa ginin ƙasa ne mai kaurin bango, in ya ja numfashi tsakanin jimla da jimla ko ƙuda ya wuce sai an ji. Agogo biyar, kowanne da irin tafiyarsa. Ni kaina sai na ji kamar ina zaune a kan injin ɗinki.

Alhaji Mudi ya matso da bakinsa kunnena. "Kana jin wani ƙas-ƙas-ƙas?"

Na ce, "A'a, Alhaji."

Ya ɗaga kai ya ƙura wa rufi ido. "Gara ce. Na sha gaya masa azarar nan ta tsufa, ba ya ji."

Na tura hannuwana tsakanin cinyoyi na matse.

Ana cikin haka wayar wani bawan Allah ta yi ƙara a baya. Baffa ya tsaya cak. Kallonsa kawai ya yi, har mutumin ya tattara takalmansa ya fice. Ni kuwa har da girgiza kai da ɗan tsaki a hankali, yadda Baffa zai gani ya san ni ba irin waɗannan ba ne. (Allah ya yafe min wannan tsakin. Na biya shi da tsada.)

Ku tambaye ni babin da ake karantawa a ranar. Babin masu sana'a ne da amanar kayan mutane da ke hannunsu. Har yau ban sani ba ko dacewa ce ko Baffa ya zaɓo shi ne saboda ni. Ya kawo misalin tela da aka ba shi ɗinki, ya gama, ya sa rigar ya je suna da ita kafin ya kai wa mai ita. Zaure ya ɗauki dariya, kowa ya juya yana kallon wani tela da ke zaune a lungu, shi kuma yana ta rantsuwa bai taɓa ba. Na yi dariya ni ma. In ban yi ƙarya ba, tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Telan ya harare ni. Agogon babansa yana hannuna na dama.

Baffa ya shiga bayani ya yi nisa. Ya bar tela ya koma kan maƙeri, ya bar maƙeri ya koma kan marini, ya dawo ya ce a wannan mas'ala malamai sun kasu, zai kawo maganar kowane ɓangare. Rana ta sunkuya, mutane suka fara sauya zama suna miƙe ƙafa a ɓoye. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Amma magana ta uku, wadda ita ce..."

Krrrrrrrrrrrrrr!

Wanda bai taɓa jin irin wannan agogo ba, ya ɗauka an kulle gyare a cikin gwangwanin madara. Kuma a jikin ƙashina yake, na ji shi har cikin haƙorana. Zaure ya hargitse. Kowa ya kai hannu aljihu yana laluben wayarsa yana salati. Alhaji Mudi ya zabura ya dafe hula, ya ɗauka garar ce ta gama aiki rufi zai sauko. Ni kuma na kai wa damtsena mari, na sake kai masa, kamar mai kashe sauro. Maganinsa ɗaya ne, a danna ɗan kan nan na sama, amma yana can ƙarƙashin riga, bayan maɓalli, bayan agogo biyu.

Duk wannan hargitsi bai kai abin da Baffa ya yi ban mamaki ba. Ƙarar na tashi, mutumin da bai taɓa yanke jimla a tsakiya ba ya rufe littafi ruf, ya ce, "Wallahu a'alam, mu tsaya nan," ya ɗaga hannuwa zai yi addu'a. Duka cikin ƙiftawar ido, kamar ba shi ya yi ba.

Ƙararrawar ta ƙare wanin da na yi mata, ta yi 'yar shessheƙa ta mutu. Zaure ya yi tsit. Baffa yana nan hannuwa a sama. Ya dubi hannuwan, ya dubi littafin da ya rufe, kamar yana tambayarsu wa ya aike su. Sannan a hankali ya sauke, ya juyo gare ni.

Na ce, "Malam, wallahi ba waya ba ce. Wayata tana shago."

Ya ce, "Na san ba waya ba ce. Naɗe hannun rigarka."

Na kama maɓalli, yatsuna sun jiƙe da gumi, ya ƙi ɓalluwa. Na fizga, ya tsinke ya yi tsalle ya faɗa kan buzun Baffa. Na ja hannun riga sama. Agogo na ɗaya. Na biyu. Can sama na uku, na marigayi, jan hannunsa ya hau kan lokaci daidai.

"Ɗayan hannun fa?"

Na naɗe shi ma. Biyu.

Alhaji Mudi ya sunkuyo, ya gyara tabarau, ya kama wuyan hannuna ya juya shi kamar mai taya kaza a kasuwa.

"Kai, wannan ba nawa ba ne?"

"Naka ne, Alhaji."

Daga lungu tela ya miƙe tsaye. "Ga na babana can! Jama'a ku shaida, ni ake wa dariya ɗazu!"

Alhaji Mudi ya ce, "To tsaya, yaro. Ina na'urar? Ta ƙasar wajen nan, mai koriyar fitila?"

Ya dube ni, ya dubi hannuwana biyu da ke miƙe a gaban jama'a suna ta ƙas-ƙas, sai ya tafa hannu.

"La ilaha illallahu! Ashe kai ne na'urar!"

Ban san zauren malamai na iya ɗaukar irin wannan dariya ba. Dattawa masu furfura suna kifewa a kan juna. Wani yana cewa a duba bayana ko akwai wajen sa wuta. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Abin da ke raina ɗaya ne: shi kenan Rabi ta tafi. Na yi wa mutumin da ba ya son ƙarya ƙarya ido da ido, na katse masa karatu da ƙara, kuma na yi duka biyun a babin amana.

Alhaji Mudi yana share hawaye da bakin riga ya ce wa jama'a, "Ku yara ba ku san abin da ya faru yanzu ba. Lokacin da wannan," ya nuna Baffa, "ya fara ba da karatu a zauren nan, Malam Babba a can kusurwar yake zama da agogon nan a hannu. Ya san ɗansa in ya kama magana sai Allah. Shi ne yake saita masa ƙararrawa don mutane su samu su yi alwala kafin magariba. Tana kaɗawa zai rufe littafi, ko a tsakiyar kalma yake. Yau ga shi Malam Babba ya aiko!"

Baffa ya ce, "Mudi, ya isa." Bai ɗaga murya ba, amma dariyar ta ɗauke. Ya yi addu'a gajeriya, ya sallami kowa. Na yunƙura zan bi sahu in ɓace, ya ce, "Kai, zauna."

Muka rage mu biyu. Ya miƙo hannu, na kwance agogon na ba shi da hannu biyu. Maɗaurin ya jiƙe da gumina, na ji kunya ta sake rufe ni. Ya kara shi a kunne ya daɗe yana saurare, idonsa a rufe.

"Wa ya ce ka saita shi a wannan lokaci?"

"Ba kowa, Malam. A nan na same shi, na mayar da shi inda yake."

Da ya buɗe ido na ga sun kaɗa, sai na sunkuyar da kai, don bai kamata in gani ba. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Tun da ya rasu ba wanda ya sake ce min in tsaya." A wannan lokaci tausayinsa ya kama ni har na ɗan manta da nawa halin.

Bai bar ni na manta da daɗewa ba.

"Kullum haka kake yawo da su? Cikin wannan zafi?"

"Eh, Malam. In ba a sa su a jiki ba, ba a gane ko suna gudu ko suna jinkiri. Ba na so in ba mutum agogon da zai sa shi makara."

"To kai wane irin mutum ne?" ya ce. "Kana ɗaukar kayan mutane a jikinka kwana da kwanaki don kada ka ba su aikin da bai nuna ba. Wannan abin a yaba maka ne. Sai ka ɓoye shi, ka ƙirƙiro na'ura. Gaskiyarka ta fi ƙaryarka kyau nesa ba kusa ba, amma ka zaɓi ƙaryar. Ban taɓa ganin mai asara irinka ba."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Na ce, "Na tuba, Malam."

"Ba ni kaɗai za ka gaya wa ba. Duk wanda ka taɓa ce wa na'ura, ka bi shi har gida ka gaya masa ko wace ce na'urar." Ya ɗauki maɓallina daga kan buzu ya miƙo min. "In ka gama, ka ce wa manyanka su dawo."

Sai da na kai ƙofar zaure maganar ta shiga kaina. Na juyo zan yi godiya, na tarar ya ɗaura agogon yana ƙoƙarin sa maɗaurin da hannu ɗaya. Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Je ka yi alwala. Yau kam akwai lokaci."

Zagayen tuban nan ya fi gyaran kowane agogo wahala, don kafin in isa kowane gida labari ya riga ni, sai dai in tarar ana jirana da dariya. Rabi kuwa da na je, ko sallamata ba ta gama amsawa ba ta ce, "Sannu da zuwa, ta ƙasar waje." Sunan ya bi ni har yau. In ka zo Ƙofar Galadima ka tambayi shagon mai gyaran agogo, za a ce wanne? Ka ce shagon Na'ura, ko yaro zai nuna maka. Abin haushin ma, ciniki ƙaruwa ya yi. Yanzu mutum zai kawo agogon kakansa ya ce, "Don Allah a hannun dama za ka sa min shi, an ce ya fi saiti." Na koma sa riga mai gajeren hannu, na huta da zafi.

Baffa ya ci gaba da wana ƙararrawar kullum da hannunsa, kuma tana kaɗawa yake rufe littafi. Ɗalibansa har yau in sun gan ni sai sun yi min addu'a.

Rana ɗaya ce kawai bai wana ta ba. Ranar ɗaurin aurenmu, da aka yi bayan la'asar a ƙofar gidansa. Aka shafa fatiha, ya ce zai yi wa jama'a 'yar gajeriyar nasiha a kan gaskiya a sana'a, kuma yana da misali. Ya fara tun daga hankicin da ya naɗe agogon, bai tsallake ko maɓallin da ya tsinke ba. Ina tsugune a bayan abokaina cikin babbar riga, ina satar kallon agogona, ina jiran biyar da rabi kamar mai jiran shan ruwa. Lokaci ya yi, ya wuce, shiru. Na ɗago, muka haɗa ido. Ya ɗan shafa agogon da yatsa, ya yi murmushi, ya ce, "To, magana ta biyu..."

Darasin da na koya dai ga shi, kyauta na ba ku. In za ka yi ƙarya, kada ka yi wadda gaskiyarta ta fi ta kyau. In kuwa ka riga ka yi, to kada ka gyara wa surukinka ƙararrawa, don daga ranar shi ke da ikon cewa yaushe za a daina ba da labarinka.